Yadda Ake Tara Kan Sarkin Zamanin Mamaya, Daga Kamaru da Togo

A gabana yanzu akwai wani ɗan kan sarki kore, da kaɗan ya ɗara farcen babban yatsa. Hoton jirgin ruwa ne a jikinsa, a sama an rubuta KAMERUN, a ƙasa kuma kuɗinsa, fenik 5 na Jamus. Sai dai an zo daga baya an danna masa haruffa uku, C.E.F., aka ƙara da ½d, wato ɗari, rabin kwabo. Jirgin na Sarkin Jamus ne, Wilhelm na Biyu, sunansa Hohenzollern. Haruffan kuwa taƙaitaccen sunan Cameroons Expeditionary Force ne, rundunar Ingila da Faransa da ta kama Duwala ran 27 ga Satumba 1914. Gwamnati biyu ke nan a kan 'yar takarda ɗaya, wadda ta faɗi a ƙasa, wadda ta ci ta a sama.

Bahaushe da ya raɗa wa wannan takarda suna kan sarki ya gano asirinta tun da wuri: wanda tambarinsa yake kan wasiƙa, shi ke riƙe da ƙasa. Shi ya sa idan soja suka ci gari, gidan waya yana cikin wuraren da suke fara sa hannu. Wasiƙa ba za ta tsaya ba, sabon kan sarki kuwa sai an yi watanni kafin jirgi ya kawo shi daga Turai. Sai a kwaso na waɗanda aka kora, a kai maɗaba'a mafi kusa, a danna sabon suna da sabon kuɗi. Wannan rubutu na sama shi zan riƙa kira danni. Darajar abin duka a kan dannin take, kuma a nan hatsarin yake, domin haruffa uku kowa mai injin bugu zai iya dannawa.

Da farko, shata gonarka

Fagen nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Jamus ta danna "Belgien" a 1914, sojojin Niyu Zilan da na Ostareliya sun danna G.R.I. a Samowa da Niyu Gini, Ingila ta danna "Baghdad in British Occupation" a 1917, a yaƙi na biyu ta danna M.E.F. da E.A.F. a ƙasashen da ta karɓe daga hannun Italiya. Na Jamus a Turai da na Japan a Asiya kuwa sun cika kundi bayan kundi. Wanda ya ce zai bi dukansu zai tara tarkace ne, bai san ko ɗaya ba.

Akwai fage huɗu da suka taɓa mu kai tsaye. Akwai Fazan ta kudancin Libiya, wadda sojojin Faransa ƙarƙashin Leclerc suka taso daga Chadi suka ci a Janairun 1943, aka danna "FEZZAN Occupation Française" a kan na Italiya da na Libiya. Tsohuwar hanyar fataken Kano zuwa Tarabulus ta nan ta bi. Akwai Boma, inda a 1942, lokacin mamayar Japan, aka danna hoton ɗawisu a kan fuskar Sarki Joji na Shida, ƙasar da kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙi a cikinta. Waɗannan biyun ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da su, don jabunsu ya yi yawa ƙwarai. Saura Kamaru da Togo, kuma su nake so ka ɗauka.

Dalilina shi ne yaƙin a ƙofar gidanmu aka yi shi. Daga Yola rundunar Najeriya ta fita ta nufi Garwa a ƙarshen Agustan 1914, aka koro ta, kwamandanta Maclear ya mutu a can. Jamusawa ma sun ƙetaro sun kai hari Gurin a Afrilun 1915. Sai ran 10 ga Yuni 1915 Garwa ta faɗi a hannun kwamandan Ingila Cunliffe, Ngaundere ta biyo baya a ƙarshen watan, Banyo a Nuwamba, Yawunde ran 1 ga Janairu 1916. Kyaftin von Raben na Jamus ya riƙe dutsen Mora tun Agustan 1914, bai sauko ba sai 18 ga Fabrairu 1916. Sojojin da suka hau waɗannan duwatsu da Hausa ake ba su umarni, kuma a ɓangaren Jamus ma akwai Hausawa cikin dakarun. Dikwa da Mubi a lokacin ƙarƙashin Jamus suke. Wannan yaƙi ne ya raba su da ita, har ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ta tabbatar da su a Najeriya.

Ka san kuma abin da ba ya cikin gonar, kada dillali ya cusa maka. "CAMEROONS U.K.T.T." na 1960 da aka danna a kan na Najeriya na riƙon amana ne, ba na yaƙi ba. "CAMEROUN FRANÇAIS 27.8.40" tunawa ce da ranar da Kamaru ta bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus a yaƙi na biyu. Na Biyafara na ɓallewa ne. Suna da daɗin tarawa, amma shafinsu daban.

Na biyu, san abin da aka buga kafin ka taɓa aljihu

Na C.E.F. guda 13 ne kacal, shi ya sa suke da daɗin farawa. Asalinsu kaya ne da aka samu cikin jirgin Jamus mai suna Professor Woermann, wanda Ingila ta kama a Agustan 1914 aka kai shi Firitawun ta Saliyo. An fara sayar da su a Duwala a Yulin 1915. Tara ƙanana ne: ɗari a kan fenik 3 mai ruwan ƙasa, ɗari a kan fenik 5 kore, kwabo a kan fenik 10 ja, kwabo biyu a kan fenik 20 shuɗi, kwabo biyu da ɗari a kan 25, taro a kan 30, kwabo huɗu a kan 40, sisi a kan 50, kwabo takwas a kan 80. Huɗu manya ne masu faɗi: sule a kan mak 1, fataka a kan mak 2, sule uku a kan mak 3, sule biyar a kan mak 5. Ƙananan suna samuwa da sauƙi. Manyan nan huɗu su ne masu cin kuɗi, musamman waɗanda harafin "s" na sule ya fito a kife.

Faransa ma ta yi nata a Kamaru. A ƙarshen 1915 ta danna "Corps Expéditionnaire Franco-Anglais CAMEROUN" a kan na Gabon, a 1916 ta danna "Occupation Française du Cameroun" a kan na Kwango, sannan "CAMEROUN Occupation Française" a kan na Kwango ta Tsakiya, masu hoton damisa. Na ƙarshen nan araha ne sosai, na farkon biyu kuwa akwai tsada a cikinsu.

Togo ta fi rikitarwa. Sojan Ingila sun shiga Lome ran 7 ga Agusta 1914, Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina ran 26 ga wata, bayan sun rusa babbar tashar wayarsu ta iska da hannunsu. A Satumba da Oktoba maɗaba'ar mishan ta Katolika da ke Lome ta danna "TOGO Anglo-French Occupation" a kan na Jamus. Iri biyu ne: mai tazarar milimita 3 tsakanin layuka, da mai tazarar milimita 2. Cikin waɗanda aka mayar ɗari da kwabo akwai inda harafi ya faɗi, aka sami "TOG" maimakon "TOGO". Faransa ta danna nata, "Togo Occupation franco-anglaise". A Janairun 1915 kuma aka fito da wasu daga ragowar da aka gano a Sansanne Mango, zangon fataken goro a hanyar Gwanja, garin da sunansa ma ka ji sansani a ciki. Waɗannan na Mango 'yan kaɗan ne, tsadarsu ta wuce ta mai farawa. Da na Jamus suka ƙare sai aka koma kan na Gwalkwas, wato Gana ta yau, masu kan Sarki Joji na Biyar, aka danna a Akra a Mayun 1915, aka sake dannawa a Landan a 1916. Faransa kuma ta koma kan na Dahomi.

Duk wannan yana cikin kundayen farashi: Stanley Gibbons don na Ingila, Yvert et Tellier don na Faransa, Michel don asalin na Jamus. Ba sai ka sayi na bana ba. Tsohon bugu na hannu ya ishe ka, tunda lambobi da bayanai kake nema. Farashin da ke ciki kuwa ka ɗauke shi a matsayin ma'aunin wane ya fi wane, ba abin da za ka biya ba. Ka kwafe jerin a littafinka da hannu, layi ɗaya ga kowane kan sarki, ka bar fili a gaba. Akwai kuma ƙungiyar West Africa Study Circle da mujallarta Cameo, wadda ta daɗe tana bin diddigin waɗannan danne-danne harafi bayan harafi.

Na uku, kayan aiki

Ba su da yawa. Matsefata mai faffaɗan baki marar kaifi, domin gumin yatsa yana barin tabo. Kada ka ɗauki mai tsini irin ta masu gyaran waya, hudawa take yi. Gilashin ƙara girma mai ninki goma, wanda za ka samu wajen masu gyaran agogo ko maƙeran zinariya. Rula mai nuna rabin milimita. Ma'aunin haƙora, wato ɗan katin da ke ƙirga haƙoran gefe nawa ne cikin santimita 2. Na jirgin nan kimanin 14 ne. Ƙaramin faranti baƙi. Littafin ajiya mai aljihuna. Idan kana da fitilar nan da 'yan kasuwa ke haska kuɗi da ita don gane jabu, ajiye ta kusa, tana tona inda aka yi wa takarda faci ko aka wanke tambarin gidan waya.

Na huɗu, saye, kuma bi da bi

Ga shawarar da na fi so ka riƙe: kafin ka sayi ko ɗaya mai danni, sayi na Jamus ɗin tsurarsa, marar danni. Ƙananan suna da araha. Ka zauna da su mako guda, ka san launinsu, ka san takardarsu, ka ƙirga haƙoransu. Wanda bai san doki ba, ba zai gane an sauya masa sirdi ba. Bayan nan ka sayi dannin da ya fi kowane araha, irin su na damisa, na Gwalkwas bugun Landan, da ɗari da kwabo na C.E.F. Ba safai mai jabu ke wahalar da kansa a kan abin da ba shi da riba ba, don haka su ne za su zama ma'auninka. Duk wani mai tsada da zai zo daga baya, gefensu za ka ajiye shi.

Yawancin cinikin yanzu ta intanet ne, a Delcampe da eBay da gidajen gwanjo na Ingila da Jamus da Faransa. Ba a cinikin biri a sama. Ka nemi hoto mai kyau na gaba da na baya, kuma idan mai kaya ya ƙi nuna bayan, bar masa kayansa. Ka karanta bayaninsa da kyau: sabo ne da gam ɗinsa ba a taɓa ba, ko an taɓa liƙa shi a kundi, ko mai tambari ne. Ka tambaya tun kafin ka biya ko yana aikowa ƙasarku, don da yawa ba sa yi, kuma ka ce a yi rajista a sa tsakanin kwali biyu. Idan kana da ɗan'uwa a Turai, tara sayayyarka a wurinsa ya taho da ita.

Kada ka manta da gida. Tsofaffin adakoki a Yola, Mubi, Maiduguri, Garwa, zangon Lome da na Kumasi suna ɗauke da takardun da ba wanda ya duba. Ba lalle ka sami C.E.F. a ciki ba, don a bakin teku aka fi amfani da shi, amma kana iya cin karo da wasiƙar soja ko takardar sallama, kuma su ma na shafinka ne. Idan ka je wurin dattijo, ka gaya masa gaskiyar abin da kake nema da darajarsa. Kada ka karɓe wa marayu kaya a kan rashin sani.

Abu ɗaya kuma: kada ka shiga wannan harka da niyyar juya kuɗi. Masu sayen irin wannan kaya a kasuwanninmu ba su da yawa, ranar da ka matsu ka ce za ka sayar, za ka sha mamakin tayin.

Na biyar, tantance jabu

A nan nake so ka fi daɗewa. Kowane kan sarki ya shigo hannunka, bi shi da waɗannan tambayoyi a jere, kada ka tsallake.

Fara da dokin, wato asalin kan sarkin. Kifa shi a baƙin faranti, ko ka haska shi ta baya da tocilan waya. Wasu na Jamus suna da alama a cikin takardar, zane kamar idanun raga, wasu ba su da ita. Wannan ɗan bambanci yana kama ɓarawo. Jamus ta ci gaba da buga kan sarkin Kamaru bayan ta rasa ƙasar, tana sayar wa masu tarawa a Balin. Fenik 3 mai idanun raga sai 1918 ya fito, bai taɓa taka Afirka ba. To idan ka ga C.E.F. a kan fenik 3 mai wannan alama, ka san shekara uku ke tsakanin dannin gaskiya da haihuwar takardar. Jabu ne, ko wa ya kawo shi. Idan alamar ta ƙi fitowa a bushe akwai ruwa na musamman da ake ɗigawa, yana bushewa nan take ba ya taɓa gam. Kada ka gwada da fetur ko kananzir.

Sai dannin. Na gaskiya da haruffan dalma aka buga shi, injin ya danna takarda da ƙarfi. Juya bayan, ka karkatar da shi ga haske, sau da yawa za ka ga haruffan sun ɗan taso. Ta gaba, a ƙarƙashin gilashi, tawada ta ɗan taru a gefen kowane harafi kamar an matse ta. Bugun injin ofis na zamani ba ya yin haka: ko dai ka ga tawadar ta kwanta a sama tana ƙyalli, ko ka ga ɗigo-ɗigo a gefen harafi. Daga nan ɗauki rula. A Togo ta Jamus auna tazarar layuka, 3 ce ko 2. A na Gwalkwas auna kalmar OCCUPATION, ta Akra milimita 14½ ce, ta Landan 15, haruffan Landan kuma sun fi kauri. Rabin milimita ƙaramin abu ne a ido, amma shi ke raba bugu biyu. Kurakuran da ake nema, irin su "CCUPATION" da "CUPATION" da ƙaramin F da ɓacewar ɗan layin da ke tsakanin ANGLO da FRENCH, na bugun Akra ne. Idan an kawo maka "CCUPATION", duba gurbin O ɗin da gilashi, ka haska. Idan fuskar takardar ta ɗan kurje a wurin, reza ce ta yi kuskuren, ba maɗaba'a ba.

Sai tambarin gidan waya, idan akwai. Tambaya biyu ce: wa ke sama, kuma wace rana? A tsarin gaskiya danni ne farko, tambari ya hau kansa. Mai jabu kuwa yakan sayi tsohon na Jamus mai tambari da araha, ya ɗora danni a kai. Duba inda layin tambarin ya gitta harafi, ka ga wane ya rufe wane. Sannan karanta kwanan wata. Ni kaina an taɓa aiko mini da taro a kan fenik 30, hotonsa ya yi kyau, farashinsa ya yi daɗi. Da ya iso na sa gilashi, sai ga ƙarshen tambarin yana nuna 12, wato 1912, lokacin da Jamus ke zaune lafiya a Duwala ba wanda ya yi mafarkin C.E.F. Na mayar, aka maido mini da kuɗina bayan doguwar magana. Tun daga ranar, kwanan wata nake fara karantawa kafin in kalli kyau.

Wani abin da zai iya ruɗa ka: ganin tambarin Jamusanci, DUALA KAMERUN, a kan C.E.F. ba laifi ba ne. Sojan Ingila sun sami hatiman gidan wayar a wurin, suka ci gaba da aiki da su. Amma akwai hatimin jabu da ya shahara, mai kwanan wata 11 10 15, daga kayan maƙerin jabun nan da ake kira Madame Joseph, wanda aka riƙa buga wa sababbin kan sarki don su zama kamar sun yi tafiya. Ka ga wannan rana, ka ja da baya. Haka nan C.E.F. mai tambarin wani gari can cikin ƙasa, ka tambayi littafinka: a wannan rana garin yana hannun wa? A nan ne kwanakin yaƙin da na jero maka a sama suke aiki. Gidajen waya irin na Garwa da Banyo da Kusiri na Jamus ne har ranar da garuruwan suka faɗi.

A bayan wasu za ka ga ɗan ƙaramin hatimin suna ko sa hannu da fensir. Alamar masana ce, Jamusawa da Faransawa sun saba da ita. Tana ƙara nutsuwa, amma ita ma ana satar ta. Abin da ya kai kuɗin da zai yi maka ciwo, kamar sule biyar na C.E.F., "TOG", ko na Mango, kada ka saya sai da takardar shaida mai hoto daga kwamitin masana, irin na Royal Philatelic Society ta Landan, ko kwamitin BPA na Ingila, ko masanan ƙungiyar BPP ta Jamus. Ka gwada hoton takardar da kan sarkin haƙori bayan haƙori, don a kan ɗauki shaidar wani a haɗa da wani. Idan babu shaida, ka yi sharaɗi a rubuce cewa za ka aika a duba, in ya faɗi a maido kuɗi. Jabun da ya riga ya zama naka kuwa kada ka yar, kuma kada ka tura wa wani. Rubuta "jabu" da fensir a bayansa, ka ba shi shafi, zai koya maka abin da hoto ba zai koya ba.

Na shida, kada ka ɓare ambulan

Kan sarki a kan ambulan ɗinsa ya fi shi kaɗai daraja nesa ba kusa ba, domin ambulan ce ke faɗin daga ina, zuwa ina, yaushe, kuma wane jami'in tace wasiƙu ya buɗe ta. Ka lura dai, da yawa daga ambulan ɗin C.E.F. masu tarawa ne suka shirya su, za ka ga an jera kan sarki birjik fiye da kuɗin aike, zuwa ga wani dillali a Turai. Ba jabu ba ne, amma wadda ɗan kasuwa ko ɗan mishan ya aika da kwabo ɗaya tak ta fi ta ba da labari. Wasiƙun sojoji kuma sau da yawa babu kan sarki ko ɗaya a kansu, sai rubutun cewa mai aikowa yana bakin daga. Ka riƙe su.

Idan guntun takarda ne kawai kuma tambarin ya fito cikakke, bar shi haka. Jiƙawa a ruwa na ƙananan kaya ne, kuma ban da na Gwalkwas: tawadarsu kore da shunayya an yi ta ne don ta zuba idan ta ji ruwa, saboda kada a wanke a sake amfani.

Na bakwai, ajiya a ƙasarmu

Littattafan Turai ba su san daminarmu ba. Wata shekara na bar littafin ajiyata a kwance cikin durowa, da wasu littattafai a kansa, daga Yuli zuwa Satumba. Da na buɗe, layi biyu na sababbin na Togo sun manne da shafi, gam ɗin ya narke ya kama. Na cece su, amma gam ya tafi, rabin darajarsu ya bi shi.

Saboda haka littafi a tsaye yake zama, ba a kwance ba, kuma kada a cusa shi. Sa shi cikin akwatin roba ko na ƙarfe mai rufewa ruf, tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. Idan sun ƙoshi, sauya su. Akwatin ya yi nesa da ƙasa da bango saboda gara, ya yi nesa da rufin kwano saboda zafin bazara. Duk mako biyu a damina ka buɗe a ranar da gari ya washe, ka bi shafukan ɗaya-ɗaya su sha iska a inuwa. Ka ga ɗigon tsatsa ruwan ƙasa a haƙoran wani, fumfuna ce, ware shi nan da nan kafin ta yaɗu. Da hunturu kuma sababbi sukan nannaɗe; kada ka miƙe su da ƙarfi, gam zai tsage, bar su cikin aljihunsu. Ƙura ma tana karce fuska, a rufe ake aiki idan iska ta taso.

Abu uku ba sa kusantar kan sarki har abada: salatif, gam na ofis, da lamineshan. Mun saba kai takardun makaranta a rufe su da leda mai zafi, amma kan sarki ko ambulan da aka yi wa haka ya mutu, ba mai iya fito da shi. Kundin hotuna mai shafi mai danƙo ma haka.

Na takwas, jera ka rubuta

Idan ka tara kamar ashirin, fitar da su daga littafin ajiya ka yi musu shafuka. Farar takarda mai kauri, kowane kan sarki cikin 'yar rigarsa ta leda ta musamman da ake sayarwa don wannan, rigar ake liƙawa ba shi ba. Ni ba na bin lambar kundin farashi, tafiyar yaƙin nake bi. Shafin farko na Jamus tsura, da taswirar Kamaru ta 1914 da na zana da hannu, Dikwa da Mora da Garwa a cikinta. Na biyu faɗuwar Duwala da C.E.F. Na uku na Faransa. Na huɗu kan sarkin Najeriya masu tambarin Victoria da Buea da Bamenda, domin bayan rabon ƙasar a 1916 yankin Ingila ya koma aiki da kan sarkin Najeriya, tambari kaɗai ke nuna a Kamaru aka aika.

A ƙarƙashin kowane ka rubuta abu huɗu da fensir ko baƙar tawada: mene ne asalinsa, mene ne dannin, me tambarin ya ce, me ya faru a ƙasar a lokacin. Inda ka saya da nawa ka biya, wannan a littafinka na daban. Kuma ka rubuta da Hausa, da sunayen kuɗin da kakanninmu suka sani, don yaron gidanku ya karanta ba tare da ya nemi tafinta ba. Ga abin da ke ƙarƙashin ɗan koren nan nawa:

"Fenik 5 na Kamarun Jamus, mai idanun raga. An mayar da shi ɗari. An fara sayarwa a Duwala, Yuli 1915, wata ɗaya bayan faɗuwar Garwa. A lokacin Jamusawa suna kan dutsen Mora, saura wata bakwai su sauko."